Yadda Ɗan Arewa Zai Hau Dutsen Kamaru Karo na Farko

Duk shekara, da zarar hunturu ya fara kaɗawa a Garwa, a Arewacin Kamaru, sai samari su riƙa tare ni a ƙofar masallaci ko a teburin mai shayi: "Kawu, bana fa da mu za a je dutsen nan." Nakan ce musu to madalla, amma a zauna a yi magana tukuna. Maganar ba ta ƙarewa a zama ɗaya, shi ya sa na ga gara in rubuta ta, wanda ke Marwa ko Ngaundere ko Kuseri ma ya samu. Na hau dutsen nan sau da yawa, na raka mutane, na ga waɗanda suka kai da waɗanda suka juyo. Ni kaina a hawana na farko ban kai ba, kuma zan faɗi dalili idan mun zo wurin.

Dutsen Kamaru yana Buya, a yankin Kudu maso Yamma, dab da teku. Tsayinsa mita 4,040, wasu littattafai kuma suna rubuta 4,095. Bakweri, mutanen da ke zaune a gindinsa, suna ce masa Mongo ma Ndemi, a bakin yawancin jama'a kuwa Fako ne. Dutse ne mai aman wuta, ya yi a 1999, ya sake yi a 2000. Abu biyu kawai nake so ka riƙe game da shi. Na ɗaya, duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, don haka mutumin da ya saba da digiri 40 na watan Afrilu a Garwa zai iya samun kansa a wurin da ruwa ke daskarewa da asuba. Na biyu, iska tana yin sirara. A ƙololuwa, kowane numfashi kusan kashi 60 cikin 100 na oksijin ɗin da ka saba samu a ƙasa yake ba ka. Garwa ba ta wuce mita 250 sama da teku ba, jikinka bai taɓa sanin wannan ba, kuma ƙarfin ƙirji ba ya maganinsa.

Kayan da za ka tanada

Takalmi shi ne kan gaba. Nemi mai rufe idon sawu, mai kaurin ƙasa da zane mai kama dutse. A 'yan gwanjo na babbar kasuwa ana samu idan ka yi haƙurin tonawa. Ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri a ƙafarka, kuma ka tabbata yatsa ɗaya yana shiga tsakanin diddigenka da bayan takalmin. Idan babu irin wannan, kambas mai ƙarfi zai yi. Abin da ba zai yi ba shi ne sabon takalmi, ko da nawa ka saye shi. Ka yi aƙalla wata guda kana yawo da shi kafin tafiya.

Tufafi kuwa hawa uku ake sa su, ba riga ɗaya mai nauyi ba. Ta ciki kada ta zama ta auduga, domin auduga tana shan gumi ta riƙe, idan ka tsaya hutawa sai ta koma kamar an manna maka tsumma mai sanyi a baya. Rigar 'yan ƙwallo ta fi, tana bushewa nan da nan, kuma kowa yana da ita a gida. Ta tsakiya rigar sanyi ta ulu. Ta waje mai tare iska da ruwa. Wanda bai samu ta ukun ba ya sayi rigar ruwa irin ta 'yan moto. Sai wando biyu marasa nauyi, ban da jins, wanda idan ya jiƙe sai ya kwana biyu bai bushe ba. Hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, safar ƙafa ƙafa uku. Rawani ma kada ka bar shi, yana tare iska a fuska da wuya fiye da abubuwa da yawa da ake sayarwa da tsada. 'Yan'uwa mata da suke zuwa tare da mazajensu ko 'yan'uwansu, dogon wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi sun fi zani da dogon hijabi, wanda iska ke cikawa yana jan mutum.

Na kwana: bargon nan mai zip da ake shiga ciki kamar buhu. Masu jagora a Buya suna bayar da haya, ka tambaya tun kana gida. Idan ba a samu ba, bargo biyu masu kauri da tabarmar soso ta shimfiɗawa, domin sanyin da ke fitowa daga ƙasa ya fi na sama cin mutum.

Sauran ƙanana: jakar goyo mai igiyar ɗaurewa a ƙugu, manyan ledoji biyu na nannaɗe kaya a cikin jakar, tocila mai ɗaurawa a goshi da batir na canji, sanda ko gora mai kai maka ƙirji, usur, ashana a cikin leda, filasta, man kaɗanya ko basilin na leɓe da tsakanin cinya, farasitamol, ƙunshin gishiri da sukari na kantin magani, da gorunan ruwa da za su ɗauki lita 3. Waya kuma ka kwana da ita a cikin riga, sanyi yana shanye caji.

A wajen guzuri mu 'yan Arewa mun fi kowa sa'a, abincinmu na tafiya ne tun asali. Kilishin Ngaundere, dabino, dakuwa, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, garin rogo da sukari, zumar Adamawa a ƙaramar roba, ganyen shayi da citta. Taliya da sardin na dare. Kada ka ɗauki wake ko shinkafa mai tauri: a can sama ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da ya saba ba, wajen digiri 90 a mita 3,000, sai itace ya ƙare tukunya ba ta nuna ba. Kilishin ma ka ci kaɗan-kaɗan, yajinsa da gishirinsa suna kawo ƙishi.

1. Fara da asibiti, ba da kasuwa ba

Kafin ka sayi ko safa ɗaya, je a gwada jininka. Mai ciwon sikila kada ya hau, babu wata dabara a nan. Wanda kuma yake ɗauke da rabin ƙwayar, wato AS, wanda a ƙasa lafiyarsa ƙalau kuma wataƙila bai ma san yana da ita ba, a tudu mai tsawo saifarsa tana iya toshewa, ya ji ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Irin wannan jini yana da yawa a cikinmu, shi ya sa na sa shi a farko. Ka gaya wa likita tsayin da za ka hau da lamba, ya ba ka shawara. Haka mai hawan jini, mai asma, mai ciwon zuciya, mai ciwon suga da mace mai ciki. A gwada maka maleriya ma sati guda kafin tafiya, domin ciwon kan maleriya da na tudu suna kama da juna, kuma ba ka son ka tsaya kana canki-canki a tsakiyar dare a kan dutse.

Akwai magani mai suna Diamox da ke taimaka wa jiki ya saba da tudu. Likita ne zai ce ka sha ko kada ka sha, ba mai tallar magani a tasha ba. Tramol kuwa, ina roƙonka da girman Allah ka bar shi a ƙasa. Na san samari suna cewa yana kashe gajiya. Abin da yake yi shi ne ya rage numfashi a wurin da numfashi ya riga ya yi kaɗan, ya kuma ɓoye maka alamar da jikinka ke ba ka. Maganin barci ma haka.

2. Horar da ƙafa, wata biyu zuwa uku

Yawancinmu muna iya tafiyar kilomita 20 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba mu ji komai ba. Hawa wata tsoka daban yake ci. Ɗan Garwa ya nufi dutsen Tingilin bayan sallar asuba, sau biyu a mako, da farko hannu rabbana, daga baya da jaka mai kilo 5, sannan kilo 8. Ɗan Ngaundere yana da dutsen da ke dab da garinsa, ga shi kuma yana da riba a kanmu, tun da garin nasu ya haura mita 1,000. Ɗan Marwa duwatsu sun kewaye shi. Wanda garinsu babu ko tudun tururuwa, kamar mutanen Kuseri da Njamena, ya nemi bene ko matakalar filin wasa ya riƙa hawa da sauka na minti 40.

Saukar ka fi ba wa muhimmanci, ita ce ke karya gwiwa.

Idan da hali, ka yi gwajin kwana ɗaya a waje da dukkan kayanka kafin babbar tafiya. Wajen Poli akwai Hosere Vokre da ya ɗan haura mita 2,000, a Adamawa akwai Cabbal Mbabo mai mita 2,460, inda makiyaya ke kwana da wuta saboda sanyi. Amma kada ka shiga ko ɗaya ba tare da ka gaida jauro, wato mai gari, ka faɗi abin da ya kawo ka ba, ka kuma sanar da jandarma, ka ɗauki ɗan gari. Matsalar masu garkuwa da mutane a dazukanmu ba ɓoyayya ba ce. Idan mutanen wurin suka ce kada a shiga bana, to magana ta ƙare.

3. Zaɓen lokaci da hanya

Daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi. Da damina kada ma ka fara: a gindin dutsen ta ɓangaren teku akwai Debunsha, inda ruwan sama ke kai wajen milimita 10,000 a shekara, kusan ninki goma na abin da Garwa ke samu. Kada kuma ka haɗa hawan da azumi, ko na nafila ne. A watan Fabrairu ake tseren hawan dutsen da aka fara tun 1973, garin yakan cika, masauki ya yi tsada, sai ka kauce wa wannan makon idan ba kallo za ka je ba.

Hanya: mota daga Garwa zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, bas zuwa Duwala, sannan ƙaramar mota ta bi ta Tiko da Mutengene ta sauke ka a tashar Mile 17 ta Buya. Ka ware kwana biyu na zuwa. Katin ɗan ƙasa ya kasance a aljihun gaba, shingayen bincike suna da yawa. Tun ƙarshen 2016 yankin yake cikin rikici, kuma ranar Litinin garuruwa kan kasance a rufe, babu mota babu kasuwa. Kada ka shirya isa ko tashi ran Litinin. Kafin ka yanki tikitin jirgi, kira wanda zai yi maka jagora ka tambaye shi halin da ake ciki a wannan makon. Idan ya ce a dakata, ka dakata.

Da ka isa, ka kwana biyu a Buya kafin ka hau. Garin da kansa yana wajen mita 900 zuwa 1,000, kuma jikin da ya kwana a zaune a jirgi yana bukatar barci. Akwai 'yan'uwa Hausawa a garin, ka nemi masallaci, za ka samu mai nuna maka inda za ka ci abinci hankali kwance.

4. Ɗan jagora da 'yan dako

Tun 2009 dutsen ya zama gandun da gwamnati ke karewa, ba a shiga sai da izini da ɗan jagora mai rajista. Kuɗin kashi uku ne: na shiga, na jagora, na 'yan dako. Ka sa a rubuta maka kowanne daban kafin a tashi, a kuma faɗi wanda zai ciyar da su. Idan kun kai ku huɗu ko biyar, nauyin yana raguwa sosai.

Ka ɗauki ɗan dako. Na san abin da zuciyarka za ta ce: ni da nake ɗaukar buhun masara, yaro zai ɗaukar mini jaka? Ɗauke shi duk da haka, musamman saboda ruwa, domin daga bukkar hutawa ta ɗaya da ke kan hanyar dutsen zuwa sama kada ka sa rai da samun ruwa a hanya. Kada ka ɗora masa fiye da kilo 15, ka tambayi sunansa, ku ci tare. Yawancinsu Turancin buroka suke yi, wasu suna jin Faransanci. Akwai kalma ɗaya da za ka ji suna ta faɗa maka idan ka tsaya kana haki, "ashiya", ita ce sannunsu. Kai ma ka riƙa mayar musu. Suna da al'adunsu game da dutsen, wani lokaci sukan tsaya a bakin daji su yi abin da suka gada. Ba a ce ka shiga ba, ka koma gefe ka yi addu'arka, ka riƙe bakinka.

5. Rana ta farko: daga gari zuwa bukka ta biyu

Hanyar da aka fi bi tana farawa daga saman gari, wajen gonakin da ake kira Upper Farms. Akwai bukkoki uku na hutawa: ta ɗaya wajen mita 1,850, ta biyu wajen 2,850, ta uku wajen 3,740. A tashi da ƙarfe bakwai na safe, bayan an karya da abu mai ɗumi.

Sashen farko daji ne mai duhu, ƙasa jiƙaƙƙiya, saiwoyi a kwance a hanya, ganye yana ɗigar maka da raɓa a wuya. Ɗan Sahel yakan rikice da murna a nan, ya ga kore irin wanda bai taɓa gani ba, ƙafa kuma tana da ƙarfinta, sai ya ba da wuta. A nan ake asarar dutsen, tun ba a ga dutsen ba. Ma'aunin da nake ba kowa shi ne: yi tafiyar da za ka iya karanta Fatiha a bayyane ba tare da numfashinka ya yanke ba. Idan ya yanke, ka yi sauri, ko da kana ganin kamar tafiyar hawainiya kake yi. Taku gajere, tafin ƙafa duka a ƙasa, ba kan yatsu ba. Duk minti 50 a huta minti 10, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi, a jefa dabino biyu a baki. Da ka tsaya ka sa rigar sanyi, da za ka tashi ka cire. Wanda ya fi kowa rauni shi ne zai bi bayan ɗan jagora, sauran su bi sawunsa. Kada a bar shi a baya yana kora, kullum ya iso wurin hutu sai a ce a tashi.

Idan ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka jira ya zama bororo.

A bukka ta ɗaya a cika goruna duka. Bayanta da kaɗan daji yake ƙarewa kamar an yanke shi da wuƙa, sai ciyawa da baƙin dutse, hanya kuma ta miƙe tsaye. Wannan shi ne wuri mafi tsauri a duk tafiyar. Akwai wata bishiya guda tilo a can sama da za ka riƙa hange, ka yi ta tafiya tana nan inda take kamar tana ja da baya. Kada ka kalle ta. Kalli duga-dugan wanda ke gabanka, ka ƙirga taku 50, ka tsaya ka ja numfashi uku, ka sake. Za ka ga 'yan tsere suna wuce ka a guje suna atisaye, wasu da takalmin roba. Kada su ruɗe ka. A nan aka haife su, Sarah Etonge da ta ci tseren mata sau bakwai a gindin dutsen nan take zaune.

Mita 1,800 a yini ɗaya ya yi wa baƙo yawa, gaskiyar magana ke nan. Idan kuna da kwana da kuɗi, ku roƙi ɗan jagora a kwana a bukka ta ɗaya, a mai da tafiyar kwana uku ko huɗu. Duk wanda na raka ta wannan tsari ya fi jin daɗin dutsen.

6. Daren bukka ta biyu

Da isa, kafin komai, cire rigar da ta jiƙe ka sa busasshiya, ka sa hula. A dafa shayi da citta. Ka ci abinci ko ba ka so, rashin son abinci yana cikin aikin tudu. Kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa yadda muke yi da hunturu a gida, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum a cikin barci, balle inda iska ta riga ta yi ƙaranci. Batun salla, kai matafiyi ne, ka tambayi malaminku tun a gida game da ƙasaru da haɗa salloli da taimama, domin ruwan da ke goranka na sha ne. Alƙibla tana gabas maso arewa.

Ciwon tudu yakan zo bayan awa shida zuwa goma sha biyu da isa, wato cikin dare. Ciwon kai, tashin zuciya, jiri, barci ya ƙi zuwa. Idan mai sauƙi ne, farasitamol da ruwa da hutu, kuma ba a ƙara hawa sai ya wuce. Amma akwai alamu da ba a jira da su gari ya waye: mutum yana haki alhali a zaune yake, tari mai kumfa, ƙirji yana ƙara kamar ana tafasa ruwa, leɓe ya canza launi, ko ya riƙa tangaɗi da magana marar kan gado. Ka ja layi a ƙasa ka ce ya taka shi, diddige na taɓa yatsu. Idan ya kasa, ruwa ne ke taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ke kumbura. A sauka da shi a daren, da tocila, mutum biyu suna riƙe da shi. Saukar mita 500 zuwa 1,000 takan dawo da mutum hayyacinsa. Ba a barin shi ya sauka shi kaɗai, ba a kuma barin shi ya yanke hukunci, domin hankalin da zai yanke hukuncin shi ne ya taɓu.

A nan ne tarbiyyarmu take zame mana haɗari. An raine mu a kan cewa namiji ba ya cewa wayyo, babba ba ya nuna gazawa gaban yaro, baƙo ba ya ƙorafi. A hawana na farko kaina ya fara sarawa tun la'asar. Ɗan jagora ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, da ya zo kaina na ce lafiya lau, saboda akwai ƙannena biyu a tafiyar kuma ni na jawo su. Na kwana ina juyi, na fita na yi amai a bayan bukka na rufe da ƙasa don kada a gani. Da asuba na ɗaura takalmi na bi sahu. Kafin bukka ta uku ƙafafuna suka daina bin umarnina, na zauna a kan wani baƙin dutse ina kallon igiyar takalmina da ta kwance, na san yadda ake ɗaure ta amma yatsuna sun ƙi. Wani ɗan dako, yaro da bai fi shekara ashirin ba, ya durƙusa ya ɗaure mini, ya rataya jakata a kan tasa, ya kama hannuna muka juya. Ƙanena ɗaya ya fasa hawansa ya biyo mu. Shiruna ya hana shi ƙololuwar da ya yi shekara yana tara wa kuɗi, kuma da abin ya ƙara awa biyu, da wata maganar ake yi.

Tun daga ranar, duk ayarin da zan raka, a bukka ta biyu muna zama da'ira bayan sallar isha, kowa ya faɗi yadda kansa da cikinsa suke, kuma ni nake farawa. Idan babba ya ce kaina yana ciwo kaɗan, sai ka ga bakin yara ya buɗe.

7. Zuwa ƙololuwa

A tashi tsakanin ƙarfe huɗu da biyar na asuba, da dukkan tufafi a jiki. A bar kaya masu nauyi a bukka idan ta nan za a dawo, a ɗauki ruwa, dabino, zuma da rigar ruwa. Tun kafin a fita a sa lokacin juyawa, ni nawa ƙarfe goma sha ɗaya ne: duk inda ta same mu, ko ana hangen ƙololuwa, mun juya. Ana yanke wannan ne a ƙasa saboda a sama zuciya ba ta yarda.

Daga bukka ta uku hanya ba ta da tsauri kamar jiya, amma iskar ta yi ƙaranci har taku goma yana sa ka tsaya, ga guguwa mai sanyi da ke shiga ta ko'ina. Naɗe rawani, sa hannu a hammata idan yatsu sun mutu. Hazo yana iya rufe ku cikin minti kaɗan har ba ka ganin na gabanka. Idan haka ta faru ka rabu da mutane, tsaya inda kake ka busa usur, kada ka nemi hanya da kanka, ƙonannen dutse ko'ina kamarsa ɗaya.

Ƙololuwar kanta ɗan tudu ne na baƙin tsakuwa, da allo. Wani lokaci ka ga teku da tsibirin Biyoko da nasa dutsen yana leƙowa ta cikin gajimare, wani lokaci ba ka ganin komai sai fari. Na ga dattijo ya yi sujada a wurin ya daɗe bai ɗago ba, na ga saurayi mai yawan surutu ya zauna ya yi shiru yana hawaye bai san dalili ba. Minti 15 zuwa 20 ya isa. Ku ɗauki hoto da 'yan dakonku a ciki, ku kwashe ledojinku, ku sauka.

8. Sauka

Yawancin raunukan da na gani a sauka aka same su, lokacin da mutum ya ga ai an gama. Ƙara ɗaure takalmi sosai don kada yatsu su riƙa dukan gaba, in ba haka ba farcen babban yatsa zai yi baƙi ya fita. Yanke farce tun a Buya. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda a gaba, a wurin tsakuwa ka sa diddige ya fara nutsewa. A gangara mai tsauri ka juya gefe kana sauka kamar mai saukowa daga kan rumbu. Masu kwana uku suna iya bi ta ɗaya hanyar, ta wajen maɓuɓɓugar Mann, inda ake ratsa ramukan aman wutar 1999. Ta fi tsawo, amma ta fi sauƙi ga gwiwa, kuma a ganina ta fi kyau nesa ba kusa ba.

A ƙasa ka sallami 'yan dako hannu da hannu, kowa nasa, da ɗan ƙari a kan abin da aka yi ciniki. Idan akwai safar hannu ko rigar sanyi da ba za ka ƙara bukata a zafin Garwa ba, ka san inda za ta yi amfani.

9. Bayan an dawo

Cinyoyinka za su yi kwana uku suna ciwo, hawan matakalar jirgi a Yawunde ma sai ka riƙe ƙarfe. Wannan ba komai ba ne. Zazzaɓi a cikin mako biyu kuwa, je a gwada maleriya, ka ratsa ƙasar sauro.

Mutane za su tambaye ka abu ɗaya: ka kai? Ka faɗi gaskiya. Idan a bukka ta biyu ka tsaya, ka ce a bukka ta biyu na tsaya, mita 2,850, kuma ga abin da ya tsayar da ni. Lokacin da na dawo daga nawa na farko, na yi kwanaki ina kauce wa majalisa. Ranar da na zauna na ba da labarin yadda yake, har da igiyar takalmin, wani abokina da muka yi shekaru tare ya jira kowa ya watse, sannan ya gaya mini wata rashin lafiya da ya daɗe yana ɓoye wa iyalinsa. Washegari na raka shi asibiti.

Kafin abin ya dushe, sami littafi ka rubuta awa nawa kowane sashe ya ɗauke ka, lita nawa ka sha, wane kaya ka ɗauka ba ka taɓa ba, a wane tsayi kanka ya fara ciwo. Ka rubuta lambar ɗan jagoran da ya yi maka kirki. Takalmin kuma ka wanke, ka cusa masa takarda a ciki, ka ajiye a inuwa inda zafin bazara ba zai ɓanɓare masa ƙasa ba, ka riƙa fito da shi ranar Asabar zuwa Tingilin.